Mudu Ɗaya, Farashi Biyu

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Nima a birnin Accra ranar Laraba ya san ciniki ba ya tafiya sai da ragi da gyara. Mai gero takan cika mudu, sa'an nan ta ƙara ɗan tafi a kai. Mai waakye a Maamobi takan ƙara wa tsohon mai saye yankan nama ba tare da ya roƙa ba. Ba wanda yake ganin laifin wannan, gama alheri gadon barci ne. Amma a ce wani Kirista mai gidan abinci ya kafa allo a ƙofarsa, ya rubuta cewa duk wanda ya zo da takardar sujada daga majami'a ranar Lahadi za a rage masa kashi goma cikin ɗari. Shin wannan ma alheri ne, ko kuwa ya zama wani abu dabam?

Tambayar ta riga ta taso a Amurka. A shekarar 2014 wani gidan abinci mai suna Mary's Gourmet Diner, a garin Winston-Salem, yakan rage kashi 15 cikin ɗari ga wanda aka ga ya yi addu'a kafin ya ci. Da labarin ya bazu, sai wata ƙungiya mai suna Freedom From Religion Foundation ta aika da wasiƙa, ta ce wannan ya saɓa wa dokar 'yancin jama'a ta 1964, wadda ta hana gidajen abinci da masaukai nuna bambanci saboda addini. Masu gidan suka sanar sun dakatar da ragin. Masu bi da yawa sun ji haushi, suna ganin an hukunta mutum don ya girmama addu'a.

A Ghana kuwa, tsarin mulki na 1992 ya yi magana a fili. Sashe na 17 ya hana nuna wa mutum bambanci saboda addininsa, ko ƙabilarsa, ko launin fatarsa. Ya kuma bayyana cewa nuna bambanci bai tsaya ga tauye wa wani kaɗai ba, har da ba waɗansu gatan da aka hana wa waɗansu. Sashe na 12 ya ɗora wannan nauyi a kan hukuma, da kuma mutane da kamfanoni a inda abin ya shafe su. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, wato CHRAJ, wadda aka kafa a 1993, tana da ikon sauraron ƙara a kan 'yan kasuwa masu zaman kansu. Saboda haka mai allon nan yana tsaye ne a kan ƙasa mai santsi.

Amma mai bi ba ya tsayawa ga tsoron doka kaɗai. Mai gidan abincin yana da hujjarsa, ya kamata a saurare ta. Zai ce, jarina ne, guminsa kuwa nawa ne, in na yafe ribata don ɗan'uwa wa na cuta? Zai kuma tuna cewa Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa sura 6, ya gargaɗi masu bi su fi kula da 'yan'uwansu cikin bangaskiya. Gaskiya ne. Sai dai ayar nan ɗin ta fara da kyautata wa kowa da kowa ne, kafin ta ambaci na gida.

Abin lura shi ne, kyauta dabam, farashi dabam. Kyauta tana fitowa daga zuciya zuwa ga mutumin da aka sani, aka kuma ga bukatarsa. Farashi kuwa alkawari ne da ɗan kasuwa ya yi wa dukan wanda ya tako ƙofarsa. In aka rubuta ragi domin addini guda, an riga an sa farashi biyu a kan kwano ɗaya, wanda bai da takardar sujada kuwa shi ne yake biyan na sama. Littafin Karin Magana ya tsawata a kan ma'auni iri biyu, Wasiƙar Yakubu sura 2 kuma ta kira nuna son kai zunubi.

Akwai kuma lahanin da zai koma kan bangaskiyar kanta. Ran da takardar sujada ta zama abin rage kuɗin shinkafa, za a sami masu zuwa majami'a don takardar, ba don Maganar ba. Ubangiji Yesu ya tsawata wa taron da suka bi shi saboda gurasar da suka ci, ya kuma yi kashedi a kan addu'ar ganin ido. Addinin da aka jawo mutum cikinsa da ragi, wanda ya fi ragi shi zai janye shi.

Sa'an nan a dubi inda ake zaune. Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista sun kai kashi 71 cikin ɗari na mutanen Ghana, Musulmi kuwa kusan kashi 20. Amma a cikin zango Musulmi ne suka fi yawa. In mai nama da mai koko da mai gidan haya kowa ya kafa allonsa, Kiristan Nima ne zai fara kuka. Zango kuwa ya san ɗacin wariya, gama dattawansa ba su manta da 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda, maƙwabta suka rabu cikin makonni kaɗan. Zaman lafiyar da ake ci yau an yi mata wahala. A ranar Ista ta 2019 babban limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, yana gab da cika shekara ɗari, ya je majami'ar Christ the King a Accra ya zauna tare da masu sujada. Bai kamata allon ƙofar kanti ya rushe abin da irin wannan tafiya ta gina ba.

To, mai son yin alheri ba a rufe masa hanya ba. Yana iya yin ragin Kirsimeti ko na Ista, ya buɗe shi ga kowa, kamar yadda naman Babbar Salla yake shiga gidajen Kirista a zango ba a tambayi kowa shaidarsa ba. Yana iya rage wa tsofaffi, da 'yan makaranta, da 'yan matan nan masu dakon kaya a ka, gama bukata ce ma'aunin, ba addini ba. In kuwa ɗan'uwa cikin ikkilisiya ne ya shiga wuya, akwai baiko, akwai gudummawa, akwai kwanon tuwo da za a aika masa gida da dare ba tare da shela ba.

Shaida mafi ƙarfi da ɗan kasuwa mai bi zai bayar a Nima ita ce, maƙwabcinsa Musulmi ya aiko ƙaramin yaro da kuɗi a hannu, hankalinsa kwance, don ya san za a auna masa da mudun da ake auna wa fasto.