Ɗana, Ka Ji Tausayin Gwiwarka

Ɗana, kai da ke buga lamba tara ko lamba bakwai a filayen Kona, kana burin wata rana a ji sunanka a filin wasa na Jolly Nyame, daga can kuma sai Turai, ban zo in hana ka ƙwallo ba. Baiwa ce Allah ya yi maka, kuma mai hana yaro baiwarsa bai kyauta ba. Maganar gwiwarka ce ta kawo ni, don na lura yadda kake tattalin takalminka ya fi yadda kake tattalin ƙafar da ke cikinsa.

Tambayi babanka ko kawunka wane ne Daniel Amokachi, ka ga yadda zai gyara zama. A Kaduna aka haife shi a ƙarshen shekarar 1972, a Ranchers Bees ya fara, kuma Hausa a bakinsa kamar taka. Bai kai shekara ashirin ba ya tafi Club Brugge ta Beljiyam. Mutum ne mai faɗin ƙirji da ƙarfin tsiya, in ya ɗauko ƙwallo da gudu mai tsaron baya sai ya yi shawara kafin ya tare shi, shi ya sa aka yi masa laƙabi da Bijimi. A 1994 yana cikin waɗanda suka ɗauko Kofin Afirka a Tunisiya. A Kofin Duniya na wannan shekara a Amurka ya ci Bulgeriya, ya ci Girka. Everton ta Ingila ta saye shi, ya ɗauki Kofin FA da ita a 1995. A 1996 ya zura ƙwallo a ragar Ajantina a wasan ƙarshe na gasar Olamfik ta Atlanta, ranar da Najeriya ta ci uku da biyu ta ɗauko zinare. Duk wannan ya faru bai cika shekara ashirin da huɗu ba.

To, ji abin da ya biyo baya. A Kofin Duniya na 1998 a Faransa, wasa ɗaya rak ya buga, saboda gwiwa. A 1999 ya bar Besiktas ta Turkiyya yana ɗan shekara ashirin da shida, shekarun da ɗan wasan gaba ke kan ganiyarsa. Ƙungiyar 1860 Munich ta Jamus ta so ɗaukarsa, likitocinta suka duba shi, ciniki ya watse. Ya gangara Tranmere Rovers, wadda ba ta ma cikin manyan Ingila, nan ma gwajin lafiya ya mayar da shi. A 2002 ya je Colorado Rapids a Amurka, suka sallame shi tun kakar wasa ba ta kankama ba. Sunan yana nan, zinaren yana nan, basirar ba ta je ko'ina ba. Amma likitan ƙungiya ba ruwansa da kirari. Kwantar da kai zai yi, ya lanƙwasa ƙafar, ya ɗauki hoto, ya rubuta abin da ya gani, kuma rubutunsa ya fi shaidar 'yan kallo dubu hamsin nauyi.

Akwai wani abu a labarin mutumin nan da nake so ka riƙe. A wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA na 1995, Everton da Tottenham, Amokachi yana benci. Abokin wasansa Paul Rideout ya ji ciwo ana duba shi a gefen fili, Amokachi kuwa ya faɗa filin tun koci Joe Royle bai yanke shawarar canji ba, ya ci biyu. Mu a nan tafi muka yi, kuma ya cancanci tafi. Amma dubi abin ta ɗaya gefen: ana cikin duba ƙafar mutum, wani ya riga ya shige gurbinsa. Haka sana'ar take ko'ina, daga Ingila har gasar unguwa-unguwa ta Jalingo. Na san wannan tsoron ne ke sa ka ɓoye ciwo. Kana ganin in ka ce ƙafa ta hana, yaron da ke benci zai karɓe rigarka. Gaskiya ne, yana iya karɓa. Sai dai rigar da aka karɓe saboda hutun wata biyu ana iya ƙwato ta. Wadda likita ya cire maka, ta tafi ke nan.

Bari in gaya maka yadda gwiwa take, don wanda bai san abu ba ba ya jin tsoronsa. Ƙashin cinya da na ƙwauri ba a manne suke ba. Manyan jijiyoyi huɗu ne ke riƙe da su, biyu a gefe da gefe, biyu a tsakiya sun gitta juna. Tsakanin ƙasusuwan kuma akwai guringuntsi, shi ke shanye nauyi in ka dira. Ɗan wasan gaba irinka, mai gudu ya tsaya cak ya yanka hagu ko dama, shi ya fi wahalar da jijiyar tsakiya ta gaba. Sau da yawa ma ba wanda ya taɓa mutum: ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya juya, sai ya ji wani ɗas a ciki, kafin dare gwiwa ta kumbura suntum. Ga filayenmu kuma ka san su, da rani ƙasa ta ƙeƙashe ga tsakuwa, da damina taɓo ya rufe ramuka.

Inda yaudarar take, bayan mako biyu ko uku kumburin kan saɓe, mutum ya riƙa tafiya lafiya lau, har ya ɗan yi sassarfa. Sai abokai su ce ai targaɗe ne, ya warke. Alhali jijiyar nan in ta tsinke gaba ɗaya, da wuya ta haɗe da kanta. Ranar da ya koma fili ya sake yanka, gwiwa sai ta sulluɓe, kuma duk sulluɓewa tana ƙara yagar guringuntsi. Shi kuwa guringuntsin gaɓa in ya cinye ba ya dawowa yadda yake. Daga nan ne za ka ga ɗan shekara talatin da biyar yana dafa bango kafin ya miƙe. Ko a Turai, inda ake da komai, wanda aka yi wa tiyatar wannan jijiya yakan yi kusan wata tara yana jinya da motsa ƙafa a hannun ƙwararru kafin ya koma wasa. Kai kuma kana so ka gama da ita da man zafi da ruwan ɗumi kafin wasan Asabar.

Ba na raina masu ɗori. Sun yi wa jama'armu aiki tun ba a san asibiti ba, kuma akwai masu tsoron Allah a cikinsu da kan ce wannan ba nawa ba ne, ku kai shi gaba. Amma hannu ƙashi yake lalubawa, ba ya ganin jijiyar da ta tsinke a can cikin gaɓa. Hoton ƙashi na yau da kullum ma ba ya nuna ta, sai na'urar MRI. Murzawa da ja da ake yi wa gwiwar da ta kumbura na iya ƙara ɓarna. Abin da ya kamata a ranar farko mai sauƙi ne: fita daga fili nan take, naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora, ɗaure da bandeji ba tamau ba, ɗaga ƙafar, kada ka taka ta da ƙarfi. Kashegari a kai ka asibiti. Kona ba daji ba ce, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Jalingo, ga Asibitin Ƙwararru na jiha. In abin ya fi ƙarfin nan za su tura ka gaba, ko da Asibitin Ƙashi na Dala ne a Kano. Da tsada, ban musa ba. Amma dangin da za su iya haɗa maka kuɗin mota zuwa gwaji a Legas, su fara haɗa na hoton gwiwa.

Sai maganar da ta fi damuna, ƙwaya da allura. Duk wanda ya miƙo maka tiramadol ko ya kira mai kemis ya yi maka allurar kashe zafi don ka buga wasan ƙarshe, kofi yake so, ba kai ba. Jiki magayi, in ji Bahaushe, kuma maganin nan bakin jikin kawai yake toshewa, ɓarnar na ci gaba a ciki kana gudu. Ga shi tiramadol na kama mutum ya kasa bari, magungunan ciwon gaɓɓai kuma in aka mayar da su abinci sukan taɓa ciki da ƙoda. Kai ɗan manoma ne. Ka taɓa ganin mai hankali ya ɗaura wa sa mai ɗingishi garma don damina na wucewa? Hutar da shi yake yi, don yana son noman baɗi.

Nwankwo Kanu ya nuna ɗaya hanyar. A 1996, yana dawowa da zinaren Atlanta, likitocin Inter Milan suka gano matsala a zuciyarsa. Ya ajiye ƙwallo, aka yi masa tiyata a Amurka, ya jira. A 1999 Arsenal ta ɗauke shi, a shekarar kuma ya sake zama gwarzon ɗan wasan Afirka. Ba kowane ciwo ke ƙarewa haka ba, amma wanda ya saurari likita yana da rabo.

In Allah ya kai ka ga ƙungiyar da ke biyan albashi, kada murna ta sa ka sa hannu a tsaye. Kai takardar gida, a samu mai ilimi ya karanta. Tambayi wa zai biya kuɗin tiyata in ka ji ciwo, ko albashi zai ci gaba, ko akwai inshora, kuma a rubuta amsar. A ƙungiyoyin gida da yawa, mai lafiya ma sai ya yi ta sintiri kafin ya ga haƙƙinsa, balle wanda ke kwance.

Makaranta kuma kada ka sake ta. Amokachi ya samu mafita, ya zama koci, yana mataimakin Stephen Keshi lokacin da Najeriya ta ɗauki Kofin Afirka a 2013. Emmanuel Amunike, wanda shi ma gwiwa ta durƙusar da shi a Barcelona har ya rasa Kofin Duniya na 1998, ya jagoranci 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai na Najeriya suka ɗauki kofin duniya a 2015. Waɗannan sun riga sun yi suna kafin ƙafa ta ƙi, sunan ne ya buɗe musu wata ƙofa. Yaron da gwiwarsa ta tafi a gasar kansila ba wanda zai kira shi aikin koci. Jami'ar Jihar Taraba da Kwalejin Aikin Gona suna nan Jalingo, gareji da shagon walda suna nan, gonar gidanku ma tana nan. Atisaye ba ya cinye yini guda.

Yanzu, in gwiwar nan taka tana kumbura bayan kowane wasa, ko tana sulluɓewa in ka juya, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, gaya wa kocinka yau cewa ba za ka buga ba, ka gaya wa iyayenka dalili, a kai ka asibiti cikin makon nan. Ku kuma iyaye da masu horar da yara a Kona, in yaro ya ce ƙafa na masa ciwo, kada a ce masa rago. A fitar da shi daga fili.