Baƙon da Bai Yi Alkawari Ba

A birnin Siyatil da ke arewa maso yammacin Amurka, da maƙwabcinsa Bankuba na ƙasar Kanada, akwai mutanen da kan tashi tun da duhun asuba a tsakiyar hunturu saboda hidimar wani ɗan tsuntsu. Ba su saye shi ba, ba su kuma san inda yake kwana ba. Abin da ya haɗa su da shi wata 'yar kwalba ce mai jan gindi da 'yan kafofi, wadda suke cikawa da ruwan sukari su rataye a bakin taga. Idan sanyi ya tsananta ruwan yakan daskare, saboda haka sai a shigar da kwalbar ɗaki da dare, a fito da ita kafin gari ya waye. Wasu kan naɗe ta da tsohuwar safa, wasu kuma su kunna mata ƙwan lantarki a ƙarƙashi. A can gabashin nahiyar kuwa, irin waɗannan kwalabe a wanke suke, a kife cikin kabad tun da kaka ta wuce, masu su suna ƙidayar kwanaki. Waɗannan mutane iri biyu, masu tsaron wanda ya zauna da masu jiran wanda ya tafi, su ne suka sa muka ɗauki alƙalami. Tambayarmu ita ce: tsakanin mutum da baƙon da ya saba wa da cimarsa, wa ke bin wani bashi?

Ya kamata mu fara gabatar wa mai karatu da baƙon, domin ba shi da suna a Hausa, kuma ba a samun sa ko'ina a duniya sai a nahiyar Amurka, daga Alaska har zuwa ƙarshen kudancinta. Ingilishi sun raɗa masa suna daga ƙugin fikafikansa, Faransawa da Sifaniyawa kuwa suna ce masa kolibiri, kuma da wannan sunan za mu kira shi. Nau'o'insa sun haura 350. Wanda aka fi sani a gabashin Amurka, mai jan maƙogwaro, nauyinsa wajen giram 3 ne, wato bai kai ƙwayar sukarin da muke jefawa a shayi ba. Yakan kaɗa fikafikansa kimanin sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ya tsaya cak a sarari yana tsotsar fure, ya kuma ja da baya ba tare da ya juya ba. Wannan bajinta tana da tsada. Zuciyarsa kan buga fiye da sau 1,000 a minti ɗaya idan yana tashi, don haka wuni yake yi yana neman abin kai wa baka, ruwan fure da ƙananan ƙwari. Kullum tsakaninsa da yunwa 'yan sa'o'i ne.

Hunturun waɗannan ƙasashe ba irin namu ba ne na hazo da kaushi. Nasu na dusar ƙanƙara ne, furanni su mutu, ƙwari su ɓace. Lokacin da ke biye masa, wanda muka saba fassarawa da bazara, shi ne na tohon itatuwa da buɗewar fure, ba ruwansa da zafin bazararmu. Saboda haka da zarar wuni ya fara gajarta, mai jan maƙogwaro sai ya duƙufa ci, har nauyinsa ya kusan ninkawa, sannan ya nufi kudancin Meziko da ƙasashen Amurka ta Tsakiya. Wasu kan bi gaɓar teku, wasu kuma su yanki Tekun Meziko kai tsaye, tafiyar kilomita 800 ba wurin sauka, wajen sa'a 20 a sama. Mutanen karkarar Amurka sun daɗe suna cewa ai a gadon bayan dinya yake hawa ta kai shi. Ba haka ba ne, shi kaɗai yake tafiyarsa, amma ba mu ga laifin wanda ya kasa yarda ba.

To, mu koma ga masu jira. Abu mai sauƙi shi ne a ce darasinsu haƙuri ne, a kawo karin maganar mai dafa dutse, a rufe littafi. Mu a ganinmu wannan gaggawa ce. Mai dafa dutse aƙalla dutsensa na cikin tukunyarsa. Shi kuwa mai jiran kolibiri babu komai a hannunsa. Tsuntsun bai yi masa sallama ba da zai tafi, balle ya ce zai dawo. Da yawa daga cikinsu ba sa cika shekara ɗaya a duniya, waɗanda suka tsallake kuma galibi shekara uku zuwa biyar suke yi. Gaskiya ne masana da ke saƙala musu 'yan zobba a ƙafa sun tabbatar cewa wasu kan komo gida ɗaya shekara da shekara. Amma mutumin da ke tsaye a taga ba shi da hanyar sanin ko wanda ya sauka bana shi ne na bara, ko ɗansa ne, ko wani matafiyi ne da ya ratso. Zai dai ce "ga shi ya dawo", kuma ba ƙarya ya yi ba, sai dai abin da ya dawo ɗin ya fi tsuntsu ɗaya faɗi.

Mutanen Aztek na tsohuwar Meziko sun warware wannan damuwa ta wata hanya. A cikin babban kundin da malamin Kirista Bernardino de Sahagún ya tattara daga bakinsu a ƙarni na 16, an ruwaito imaninsu cewa idan hunturu ya shiga tsuntsun kan soka bakinsa a jikin itace ya bushe a nan, sai an yi tsawar ruwan sama ya farfaɗo. Mai ilmin zamani zai yi murmushi, amma bai kamata ya yi dariya ba, don kuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A daren sanyi kolibiri kan shiga wani irin barci mai kama da suma: zafin jikinsa, wanda yake wajen digiri 40, ya faɗi warwas, bugun zuciya ya sauko zuwa kimanin 50 a minti. A shekarar 2020 an buga rahoton wani nau'i a tsaunukan Feru da zafin jikinsa ya sauka zuwa digiri 3.3, kuma gari na wayewa ya farka ya tashi. Duk wanda ya tsinci irin wannan tsuntsu a sandare a kan reshe, da safe kuma ya ga babu shi, yana da hujjar faɗin abin da Aztek suka faɗa.

Akwai kuma son da ba ya iya jira. John Gould, wani Baturen Ingila masanin tsuntsaye, ya tara gawarwakin kolibiri ya baje kolinsu a gidan namun daji na Landan a 1851, mutane fiye da 75,000 suka biya kuɗi suka kalla. Ya wallafa littafi mai juzu'i biyar a kansu. Abin mamaki, bai taɓa ganin mai rai ba sai a 1857, a Filadelfiya. Da ya gani kuwa sai ya yi ƙoƙarin tafiya da wasu gida, ba su daɗe ba suka mutu. A wannan ƙarni ne kuma aka riƙa jigilar fatunsu zuwa Turai don ƙawata hulunan mata. Ba za mu ce Gould ba ya son tsuntsun ba. Yana son sa ƙwarai, irin son da ke cewa abin da na ƙaunata dole ya zauna inda na ajiye shi. Tun 1918 dokar Amurka ta kare tsuntsaye masu ƙaura ta hana kamawa ko tsare irin waɗannan tsuntsaye ba da izini ba, don haka mai son kolibiri a yau ba shi da abin yi illa ya rataye kwalba ya ja gefe.

Sai dai kwalbar ma ba ta tsira daga zargi ba. An daɗe ana tsoron cewa idan aka bar ta a rataye har kaka ta yi nisa, za ta ruɗi tsuntsu ya fasa tafiya sanyi ya kashe shi. Game da masu ƙaura, masana sun nuna wannan tsoro ba shi da tushe, domin gajartar wuni ce ke tayar da su, ba ƙarewar abinci ba. Amma ga wani nau'i daban, wanda aka sa wa sunan Anna, matar wani basaraken Faransa, labarin ya sha bamban. A farkon ƙarni na 20 ba ya sheƙa sai a kudancin Kalifoniya da arewacin Baja ta Meziko. Da mutane suka cika garuruwa da furanni da itatuwan da aka kawo daga wasu ƙasashe, irin su turare, suka kuma rataye kwalabe, sai ya riƙa matsawa arewa. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa tsakanin 1997 da 2013 iyakar inda yake cin hunturu ta matsa arewa da fiye da kilomita 700, kuma a wurare masu sanyin an fi samun sa inda gidaje suka yi yawa, ana kuma rataye kwalabe. A wannan shekara ta 2017 mutanen Bankuba suka zaɓe shi tsuntsun birninsu. Shi ne wanda ake tashi da asuba dominsa, a ƙasar da dare kan wuce sa'a 15 a watan Disamba.

A nan ne tambayarmu ta yi nauyi. Ranar da mutum ya fara rataye kwalba, kyauta ya yi, ba wanda ya tilasta shi. Amma bayan wata uku, sa'ad da tsuntsun ya saba, ya riƙa farkawa daga sumarsa da ɗan ragowar ƙarfi ya nufo wannan taga kai tsaye, shin har yanzu kyauta ce? Mu dai muna ganin ta riga ta rikiɗe ta zama alkawari, ko da yake ba a furta shi ba, kuma wanda aka yi wa ba zai iya kai ƙara ba. Hausawa sun ce sabo turken wawa, suna ɗora laifin a kan wanda ya saba. Ba mu cika tambayar wanda ya kafa turken ba. Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin kuɗin makarantar wani yaro na zango biyu, sannan ya yi shiru a na uku, ya san abin da muke nufi, ya kuma san cewa "ai da ma taimako ne" ba ta hana mutum juyi a kan shimfiɗa.

Mai ja da mu zai ce mun zafafa. Zai ce tsuntsun ba ya dogara da gida ɗaya, yana zagaya kwalabe da dama, yana kuma tsintar ƙwari a ɓawon itace ko a cikin sanyi. Zai ƙara da cewa idan kowane alheri zai koma bashi, to mutane za su riƙa tsoron farawa, kuma da hanau gara mannau. Maganarsa ta farko gaskiya ce, ta biyun kuma tana da ƙarfi, ba za mu yi kamar mun rushe ta ba. Abin da za mu iya cewa shi ne, bashin da muke nufi ba na har abada ba ne, na lokacin da janyewa za ta yi illa ne. Wanda ya gaji yana iya sauke kwalbarsa sa'ad da furanni suka buɗe, ba wanda zai ji a jikinsa. Sauke ta a daren da ƙanƙara ta rufe gari wani abu ne daban. Haka kuma wanda zai yi tafiya yana iya barin amanar ga maƙwabci. Akwai ma abin da ya fi janyewa muni, wato alherin ganin dama. Ƙa'idar ruwan ita ce awo ɗaya na farin sukari a awo huɗu na ruwa, ba zuma, ba jan launi, a riƙa sauyawa ana wanke kwalbar bayan 'yan kwanaki. Wanda ya rataye ya manta, ruwan ya yi tsami ya yi fumfuna, cuta yake rabawa, alhali yana kallon taga yana yaba wa kansa.

Masu jiran gabas ma, idan muka duba da kyau, ba su kuɓuta ba. Ga misali daga wani nau'i mai jan baya, wanda ke sheƙa har Alaska ya ci hunturu a Meziko, wasunsa kuma a kudu maso gabashin Amurka. A watan Janairu na 2010 an saƙala wa wata macensa zobe a Fulorida, a watan Yuni na wannan shekara aka sake kama ta a Alaska, tazarar fiye da kilomita 5,600. Ba shakka a kowane gefe akwai mai cewa "tsuntsuwarmu", kuma tsakaninsu akwai dazuzzuka da gonaki na dubban mutanen da ba su san ta ratsa ba. Ƙidayar masana ta nuna yawan wannan nau'i ya ragu da fiye da rabi tun 1970. Ke nan dawowar da ake jira ba ta rataya ga kalanda kaɗai ba, ta rataya ga abin da aka yi wa hanya: itacen da aka sare, da maganin ƙwarin da aka fesa. Mu ma a ƙasar Hausa mun san haka game da shamuwa, wadda ke zuwa gab da damina ta yi sheƙa a manyan itatuwan gari, ta koma gabashi da kudancin Afirka idan ruwa ya ɗauke. Ba ta neman ƙwayar hatsin kowa, fara da tsutsa take ci. Abin da take bi kawai shi ne ta tarar da itacenta a tsaye, kuma akwai garuruwan da ba ta tarar ba.

A ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris masu jan maƙogwaro na farko kan sauka a gaɓar Tekun Meziko, maza a gaba, mata na biye da 'yan kwanaki. Daga nan sai su bi buɗewar furanni zuwa arewa, ba sa isa Kanada sai wajen Mayu. Mutane kan aika da rahoton ganinsu na farko, a ɗiga shi a kan taswira, na arewa su riƙa kallon ɗigon yana matsowa. Al'adar da masu abin suka ginu a kai ita ce a rataye kwalba mako ɗaya ko biyu kafin ranar da ake tsammani, saboda wanda ya riga 'yan'uwansa isowa shi ya fi kowa yunwa. A waɗannan kwanaki ba mai sha. Ruwan yakan kwana uku ko huɗu a rataye, a sauke, a zubar, a wanke kwalbar, a dama sabo, a mayar.