Ko Tsuntsu Ya San Lokacinsa

Karatu: Irmiya 8:4-9

  

Yau za mu ɗauki darasi daga tsuntsaye da ƙwari. Kada wani ya ce wannan maganar yara ce. A cikin Matiyu 6:26, Ubangiji da kansa ya umarci almajiransa su ɗaga ido su lura da tsuntsaye. Mu da muke zaune a Maamobi, tsuntsayen da muka saba gani su ne hankaka da shirwa a kan bola, sai tantabarar maƙwabci. Amma wannan birni namu na Akra, wanda iyayenmu suke kira Ankara, yana bakin teku ne, kuma Allah ya ajiye mana makaranta a nan kusa wadda yawancinmu ba mu taɓa shiga ba.

Zangon tsuntsaye

In ka bi hanyar bakin teku zuwa Tema, ka wuce Teshie da Nungua, za ka iske tafkin Sakumo. In kuwa ka nufi yamma, a ƙasa da madatsar ruwa ta Weija, za ka iske inda kogin Densu yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku, kusa da wuraren yin gishiri na Panbros. A irin waɗannan wurare ruwan kogi yake gamuwa da ruwan gishiri. Idan ruwa ya janye sai ya bar taɓo, taɓon nan kuwa cike yake da tsutsa da ƙaguwa da ƙananan kifaye. Abin da kai za ka gani ka toshe hanci, shi ne akushin da Allah ya ajiye wa dubban tsuntsaye. A shekara ta 1992 aka sa Sakumo da bakin Densu, tare da Muni da Songor da Keta, cikin jerin wuraren ruwa da ƙasashen duniya suka yi alkawarin kiyayewa, bisa ga yarjejeniyar da aka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

A watan Yuni da Yuli, lokacin ruwan sama, 'yan gida za ka tarar: balbela, da zalɓe yana tsaye shiru kamar mai azumin magana, da wani baƙin zalɓe ƙarami wanda yake buɗe fukafukansa ya yi laima a kan ruwa domin ya kama kifi a cikin inuwar, da wani mai dogayen ƙafafu jajaye yana takawa a hankali. Daga watan Agusta kuwa, lokacin da mutanen Ga suke bikin Homowo, sai baƙi su fara sauka. Waɗansu daga Turai suke zuwa. Waɗansu ƙanana, waɗanda tafin hannu zai ɗauke su, daga can arewacin Rasha suke tasowa, inda ƙanƙara take rufe ƙasa yawancin shekara. Su yi watanni a nan, wajen Maris da Afrilu kuma su tashi.

Mu mutanen zango ya kamata mu fi kowa gane wannan. Kakanninmu fatake sun yi ta bin hanya daga Kano da Katsina zuwa Salaga neman goro. Inda ayari ya sauke kaya, ya ci, ya sha, ya huta, shi ake kira zango. Sunan unguwanninmu ke nan har wa yau. To, Sakumo da bakin Densu zangon tsuntsaye ne.

Baƙuwa daga Ailan

A cikin baƙin nan akwai wata farar tsuntsuwa mai baƙar hula da wutsiya kamar almakashi, ƙirjinta yana da ɗan ja-ja a lokacin ƙwai. Bari mu kira ta tsattsewar teku. Nauyinta giram ɗari ne da 'yan kai. Mafi yawan na Turai a wani ɗan tsibirin dutse suke yin ƙwai, sunansa Rockabill, a teku kusa da Dublin a ƙasar Ailan. Idan 'ya'yan suka yi fiffike, sai su biyo gaɓar teku, tafiyar fiye da kilomita 5,000, su zo gaɓar Gana inda ƙananan kifaye suke yawa a wannan lokaci. An san haka ne domin masana sukan sa musu ɗan zobe mai lamba a ƙafa, an kuma sha samun zobban nan a bakin tekunmu.

Yadda aka sami waɗansu zobban abin baƙin ciki ne. Yara a garuruwan masunta sukan ɗana tarko da ɗan kifi su kama su. Tsuntsuwar ta yi ta raguwa. A 1985 aka fara wani aiki na ceton tsuntsayen bakin teku a Gana, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta jagoranta. Aka shiga makarantu da garuruwan masunta ana koya wa yara darajar abin da suke kamawa. A can Rockabill kuma aka sa masu gadi daga 1989, aka yi wa tsuntsayen 'yan akwatunan sheƙa. A shekarar nan ma'auratan da suka yi ƙwai a tsibirin ba su kai 200 ba. A 'yan shekarun nan sun haura 1,500.

'Yan'uwa, wa ya gaya wa wannan tsuntsuwa cewa lokaci ya yi? Ba ta da kalanda, ba ta da rediyo. Masana sun ce tsawon yini yana motsa jikinta, tana kuma bin rana da taurari da jan maganaɗisun ƙasa. Mun gode musu. Sun nuna mana yadda agogon yake tafiya, mu kuwa mun san Wanda ya ƙera shi.

Mazari ma haka

Kada ka dubi sama kaɗai. Dubi bakin ciyawa bayan an ɗauke ruwa, za ka ga mazari. Akwai wani mai launin rawaya da yakan yi ta shawagi da yawa a fili. Shi ma matafiyi ne, ruwan sama yake bi. Yakan zuba ƙwai a kududdufin da ruwa ya bari, 'ya'yansa kuwa su girma cikin 'yan makonni, domin dole su fito kafin kududdufin ya ƙafe. Masu bincike sun gano cewa irin wannan mazari yana ƙetare teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka. Yana kuma yi mana aiki ba lada: 'ya'yansa a cikin ruwa suna cin 'ya'yan sauro, shi kuma yana kama sauro a iska. Ɗan mazarin da ya yi jinkiri a kududdufi, rana za ta same shi a busasshen taɓo.

Ƙarar da Allah ya kai

Yanzu mu koma ga karatunmu. Annabi Irmiya ya yi wa'azi a Yahuza kimanin shekara 40, har zuwa faɗuwar Urushalima a hannun Babila. Ƙasarsa tana kan babbar hanyar tsuntsaye tsakanin Turai da Asiya da Afirka. Har yau dubban ɗaruruwan farar shamuwa suna ratsa ta sau biyu a shekara. Ita 'yar'uwar shamuwarmu ce, wadda manomi a Katsina ko Maraɗi in ya gan ta a kan itace yakan san damina ta ƙarato, ya gyara fartanya.

A aya ta 7 Allah ya kira shamuwa da waɗansu tsuntsaye masu ƙaura su zama shaidu. Su suna kiyaye lokacin tafiyarsu da na komowarsu, amma jama'ar da ya ba Doka da annabawa ba su san abin da yake bukata a gare su ba. Kafin wannan ya yi tambayar da kowa ya san amsarta: wanda ya faɗi ba yakan tashi ba? Wanda ya ɓata hanya ba yakan juyo ba? Ya kasa kunne ko zai ji wani yana tuhumar kansa a kan abin da ya aikata, bai ji ba. Kowa ya sa kai gaba kamar dokin yaƙi.

Kalmar da take ta maimaituwa a wurin nan ita ce komowa. A harshen Ibrananci, kalmar komowa ita ce ta tuba. Abin da tsuntsu yake yi kowace shekara ba gardama, shi ne ya gagari mutum.

Ka lura da tsuntsun zango. Yana ci, yana hutawa, amma cinsa na shirin tafiya ne. Kafin tashi yakan ƙara ci ya tara kitse, guzurinsa ke nan. Ibraniyawa 11:13-16 ta nuna mana cewa masu bangaskiya na dā sun ɗauki kansu baƙi ne masu wucewa, suna sa ido ga ƙasar da ta fi. Da yawa a cikinmu ci rani ya kawo mu Akra, daga Bawku, daga Bolga, daga Jos, daga Dogon Dutsi. Neman abinci ba laifi ba ne. Laifin shi ne mutum ya manta cewa duniya kanta zango ce. Wani a ƙauye shi yake buga gangar sujada, a nan kuwa shekara uku rabonsa da ƙofar majami'a. Wani ya bar mata da 'ya'ya a gida, ya kafa wani gida a ɓoye, ko waya ba ya ɗauka. Wata tana riƙe da gaba da 'yar'uwarta a cikin zumuntar mata tun bara, suna kuma cin Jibin Ubangiji a benci ɗaya. Kowannensu yana cewa, zan gyara in na samu sarari. Ɗan'uwa, madugu ba ya jiran wanda bai ɗaure kayansa ba.

Tuba mai 'ya'ya

Yahaya Mai Baftisma ya ce wa masu zuwa wurinsa su nuna tubarsu da aiki (Luka 3:8). Ga wani aiki a ƙofar gidanmu. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi, wadda muke kira gota, tana gangarawa ta haɗu da rafin Odaw, Odaw kuma ya zuba a tafkin Korle, daga nan sai teku. A dā mutanen Ga suna kamun kifi a Korle. Yau leda da robobi da ƙazanta sun shaƙe shi. Sakumo ma gine-gine sun ci gefensa, har a 2025 hukuma ta rushe waɗansu daga cikinsu. Idan hadari ya taso muka fito da shara muka juye a gota domin ruwa ya tafi da ita, ina muke tsammani za ta? A Farawa 2:15 Allah ya sa mutum a gona domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Bai janye wannan aiki daga wuyanmu ba.

Ba mu manta da daren 3 ga Yuni 2015 ba, sa'ad da ambaliya da gobara suka haɗu a wani gidan mai kusa da Kwame Nkrumah Circle, mutane fiye da 150 suka rasu. Kada kowa ya ce sun fi mu zunubi. Yesu ya hana irin wannan magana a Luka 13:1-5, game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Yawancinsu mafaka kawai suka shiga nema daga ruwa. Abin da Ubangiji ya ce a can shi ne masu rai su tuba tun suna da zarafi. Wanda ya fita da safe a ranar nan bai san ba zai komo ba.

Abin yi

Gani ya kori ji. Shugabannin matasa da malaman makarantar Lahadi, ku shirya wata Asabar tsakanin Agusta da Nuwamba, ku kai yara Sakumo ko bakin Densu da sassafe. Ku bar danƙo da tarko a gida. Ku zauna shiru, ku ƙidaya iri nawa kuka gani, ku nemi mazari a bakin ciyawa, sa'an nan ku buɗe Irmiya 8 ku karanta a wurin. Bayan haka ku sa ranar da ikilisiya za ta fito da cebur da kwando ta haɗa hannu da maƙwabtanmu Musulmi a kwashe gota. Ruwan da zai shiga ɗakin liman shi zai shiga na fasto.

Kai kuma mai karatu, ka san inda ka bar hanya. Ba sai na faɗa maka ba. Ɗan nan na Luka sura 15 da ya dawo cikin hankalinsa bai jira ya sami sabuwar riga ba, ya tashi yadda yake, ubansa kuwa ya hango shi tun daga nesa. Almasihu ya mutu ya tashi domin hanyar gida ta kasance a buɗe. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa lokacin karɓa shi ne wannan da muke ciki (2 Korantiyawa 6:2). In akwai wanda za ka kira a waya, kira shi yau. In akwai abin da za ka mayar, mayar da shi kafin Lahadi.

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, kai ne kake bi da tsuntsu a kan teku, kake ciyar da shi a zango. Ka buɗe idanunmu mu san lokacin da muke ciki. Ka juyo da zukatanmu zuwa gare ka, ka koya mana kiyaye ruwa da ƙasar da ka ba mu amana. Ka ta'azantar da waɗanda ambaliya ta raba su da nasu. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.