Alkawarin Daurama da Lissafin Na'ura

Mutanen Daura sun gaji wani labari da ya ƙunshi tambayar da masana ke fama da ita yau. Kamar yadda ake ba da shi, macijin da ake kira Sarki ya hana ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Da aka wayi gari an same shi a mace, Magajiya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya kashe shi. Da Bayajidda ya bayyana da kan macijin, buƙatarta ta riga ta biya: ruwa ya samu, an kuma san mai aikin. Lissafin riba zalla zai ce mata ta sallame shi da godiya. Me ya sa cika alkawarin ya zama hankali, ba wauta ba?

Masu nazarin yanke shawara sun daɗe a kan wannan. A 1944 John von Neumann da Oskar Morgenstern suka shimfiɗa ƙa'idar cewa mai hankali yana auna sakamakon kowane zaɓi da yiwuwar faruwarsa, ya ɗauki mafi amfani. A 1984 masanin falsafa na Ingila Derek Parfit ya kawo misalin da ya nuna inda irin wannan lissafi ke tuntuɓe. Mutum ya maƙale a hamada, sai ga direban da ba a iya yi wa ƙarya. Zai kai shi gari in har ya tabbata za a biya shi can. Mai auna riba a kowane mataki ya san cewa in ya isa gari biyan ba zai ƙara masa komai ba. Direban ma ya karanci haka a fuskarsa, sai ya wuce. Mai wayo ya mutu da ƙishirwa, mai riƙon alkawari ya sha ruwa a gari.

Wannan misali ya fi shafar na'ura mai ƙirƙirarriyar basira fiye da ɗan'adam. Na'ura ana kwafarta dubbai, ana gwada halinta kafin a sake ta, don haka shawarar da ta yanke ƙa'ida ce da ke maimaituwa ko'ina a lokaci guda. A 2017 Eliezer Yudkowsky da Nate Soares, masu bincike a Amurka, suka ba da shawarar cewa mai yanke hukunci ya tambayi kansa wace ƙa'ida ce ta fi alheri ya zama yana bi, maimakon wane aiki ne ya fi riba a wannan sa'a. Bahaushe ya taƙaita wannan tun tuni da ya ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daurama da ta saɓa, da babu jarumin da zai sake tsaya wa Daura.

Sai dai akwai ƙalubale mai nauyi. Macijin Kusugu ma mai ƙa'ida ne. Bai taɓa saɓa Juma'arsa ba. Sharrinsa shi ne babu mai iya canza masa ita. Tun 1960 Norbert Wiener ya yi gargaɗin cewa in za mu ɗora wa na'urar da ba za mu iya tsayarwa ba wata manufa, to mu tabbata ita ce muke so da gaske. Stuart Russell, a littafinsa na 2019, ya ce maganin shi ne a gina na'urar da ba ta da yaƙinin abin da mutane ke so, domin irinta ce za ta yarda a kashe ta a gyara. To ta yaya na'ura za ta kasance mai tsayawa kan magana, kuma mai karɓar gyara?

A ganina amsar tana cikin kalmar amana. Mai riƙon amana ba ya cin ta ko da babu mai gani, kuma yana mayar da ita duk ranar da mai ita ya nema. Halayen biyu daga tushe ɗaya suke: sanin cewa kayan ba nasa ba ne. Saboda haka alkawarin farko da ya kamata a ɗaure na'ura da shi shi ne ba za ta hana masu ita gyara ta ba. Duk sauran alkawura a ƙarƙashinsa suke.

Saura tabbatarwa. A labarin Kusugu da yawa sun yi iƙirarin kisan, hujja ce ta raba gardama. A Nuwamban 2023 Najeriya na cikin ƙasashe 28 da suka sa hannu kan sanarwar Bletchley a Ingila game da haɗarin wannan fasaha. Sa hannu ba ya gwada na'ura. Mutane masu sani ne ke gwada ta. Ɗaliban Jami'ar Sufuri ta Tarayya da na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Daura za su yi aiki a zamanin da na'ura ke iya yanke wa manomin Zango ko Mai'aduwa hukuncin samun bashi. In ba su koyi neman hujja daga gare ta ba, za mu koma jiran Juma'a a bakin rijiyar da muka haƙa da hannunmu.