Ɓarayin jiya a kan kan sarkin yau

Mai karatu, ko ka taɓa tsayawa ka yi tunanin dalilin da ya sa Bahaushe ke kiran 'yar takardar nan da ake liƙa wa ambulan da suna kan sarki? Ai kan Sarkin Ingila ne kakanninmu suka fara gani a jikinta, sunan ya bi ta. Wato tun asali wuri ne na masu mulki. Duk wanda hukuma ta ɗora hotonsa a wurin, ta ce wa duniya ke nan: wannan namu ne, muna alfahari da shi.

To, a watan Maris na 2024 hukumar gidan waya ta Amurka ta fitar da kan sarki mai ɗauke da fuskokin mutum goma da suka taimaki bayi gudu daga kudancin ƙasar zuwa arewa da Kanada. Cikinsu akwai Harriet Tubman, Frederick Douglass, William Still da Thomas Garrett. Hanyar da suka bi da bayin ana kiran ta layin dogon ƙarƙashin ƙasa, amma fa babu jirgi babu dogo. Gidaje ne na amintattu, a ɓoye ka a wannan da rana, a miƙa ka ga na gaba da dare.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a idon dokar zamaninsu waɗannan mutane ɓarayi ne. Bawa dukiya ce, wanda ya gudu da shi ya saci kayan wani. Dokar kamo gudaddun bayi ta 1850 ta tanadi tarar dala 1,000 da ɗaurin wata shida ga duk wanda ya ɓoye bawa. Tun kafin nan, a 1848, an gurfanar da Thomas Garrett gaban kotu a jihar Delaware aka ci shi tara mai nauyi, kuma alƙalin da ya zauna kan shari'ar, Roger Taney, shi ne ya yanke hukuncin nan na 1857 cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba. Shi kansa gidan wayar ba a bar shi a baya ba. A 1835 wasu gungun mutane sun fasa gidan waya na birnin Charleston suka ƙone takardun masu adawa da bauta, shugaban hukumar na lokacin, Amos Kendall, ya ƙyale ma'aikatansa na kudu su riƙa danne irin waɗannan takardu. Yau ga hukumar nan tana sayar da hotunansu.

Shin wannan tuba ce ko wanke kai?

Mu da muke kallon fim mun san abin da kyamara ke iya yi. Idan darakta ya matso da ita kan fuskar jarumi, duk abin da ke gefe ya fita daga hoto. Haka kan sarki yake. Ka ga fuskar Tubman, wadda ta tsere a 1849, ta kuma koma kudu wajen sau 13 ta fito da mutum kusan 70. Amma ba ka ga wanda ke bin ta da karnuka ba, balle dokar da ta ɗaure masa gindi. Fim ne mai jarumi babu bos, domin bos ɗin shi ne furodusa. Ko fim ɗin Harriet na 2019, wanda Kasi Lemmons ta ba da umarni, Cynthia Erivo ta fito a matsayin Tubman, ya fi karkata ga mugun ubangida guda ɗaya, alhali muguntar a rubuce take cikin kundin doka.

Duk da haka ba zan ce a daina ba. George Washington, wanda ya mallaki bayi, yana kan kan sarkin Amurka tun 1847. Tubman sai a 1978 ta samu shiga, shekara 65 bayan mutuwarta, kuma ita ce baƙar mace ta farko da aka yi wa haka. Idan aka hana su wurin, iyayen gidan bayi kaɗai aka bar wa shi. Kuma hukumar da ta ɗaukaka wanda ya karya dokarta, ko ta so ko ta ƙi, ta amsa da bakinta cewa doka daban, gaskiya daban. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda nake jin tsoro shi ne sauƙin abin. Yabon gwarzon da ya mutu ba ya cin ko kwabo. Kai da ni muna kallon hoton muna jin cewa da muna nan a 1850 da mun buɗe ƙofa. Anya kuwa? Mafi yawan mutanen wancan zamani ba mugaye ba ne, masu bin doka ne kawai, masu iyali, masu tsoron tara. Da an ƙwanƙwasa maka ƙofa da tsakar dare, ga mace da goyo, ga wata shida a gidan yari yana jiran ka, me za ka ce wa matarka?

Kuma karramawar ma tana da iyaka. A 2016 gwamnatin Amurka ta ba da sanarwar za ta sa hoton Tubman a gaban takardar dala 20, a gurbin Andrew Jackson, wani shugaban da shi ma ya mallaki bayi. Kan sarkin mutum goma ya fito a 2024, Jackson na nan zaune a kan kuɗin.