Mas'alar Mai Sassaƙa Lofe

Ka sani, ya ɗan'uwa, a garin Saint-Claude na ƙasar Faransa tun wajen 1850 ake sassaƙa lofe da saiwar wani icce mai jure wuta. Mai wannan sana'a, ko mai kankare tsohon lofe ya sake masa baki, yakan ce shi icce yake sayarwa, ba taba ba. Maƙeri yana da wannan hanzari, domin wuƙa tana yanka rago, tana fiƙe alƙalami. Lofe kuwa aikinsa ɗaya ne. Haƙiƙa Shehu Ahmadu Baba na Tambutu ya halatta taba, amma ya rasu a 1627, likitoci kuwa ba su tabbatar tana jawo sankarar huhu ba sai wajen 1950. Masassaƙin yau labarin ya riga ya iso masa.