Tsakanin Ɗakin Mai Duba da Ƙofar Asibiti

A kudancin Jamhuriyar Benin, inda addinin Vodun yake da tushe mai zurfi, in zazzaɓi ya kama yaro har ya fara sanƙarewa, wata uwa takan nufi ɗakin mai duba da Fa tun kafin ta tuna da asibiti. Yaron da aka haifa bayan 'yan'uwansa sun yi ta mutuwa, abiku ake ce masa, kamar yadda mu muke cewa ɗan wabi. Sau da yawa kuwa zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon sikila, ya ɗauke su.

Shin uwar nan ta yi laifi? Ƙauna ce ta tashe ta da tsakar dare. Tana neman sanin wanda ya jefi ɗanta, alhali zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Jinkirin ne yake cin rai.

'Yan'uwa, kada mu yi saurin yanke mata hukunci. Mu ma mukan kwana muna addu'a a kan yaro mai zafin jiki, muna jin cewa zuwa asibiti raunin bangaskiya ne. Amma da Ubangiji ya yi alkawarin warkar da Hezekiya, annabi Ishaya ya sa a ɗora curin ɓaure a kan marurunsa. Allah ne ya warkar, ta hanyar magani.

Saboda haka ka goya ɗanka, ka kama hanyar asibiti, kana addu'a kana tafiya.